Juyayin masu kallo idan 'yar wasan barkwanci ta rasu

Juyayin masu kallo shi ne irin alhini da makokin da jama'a ke shiga idan wata 'yar wasa da suka saba gani a talabijin ta rasu, musamman mai wasan barkwanci ko mai fitowa a shiri mai dogon zango, alhali mafi yawansu basu taɓa haɗuwa da ita ido da ido ba, ita kuma ko sunansu bata sani ba. Abin yana faruwa a ko'ina a duniya, sai dai kowace al'umma da yadda take nata. A ƙasar Hausa, irin su Katsina da Daura da kewaye, juyayin yana fitowa ne ta hanyar salati da addu'a da nema wa mamaciya gafara, sai kuma yaɗa hotonta da guntayen wasanninta a Facebook da WhatsApp da TikTok.

Yadda sabon yake ƙulluwa

Fim ɗaya ka kalle shi awa biyu an gama, amma shirin da ake nunawa duk sati, shekara da shekaru, wani abu ne daban. Lokacinsa sananne ne, gida ya san shi, ana gaggawar sauke tuwo dan kar a fara ba a zauna ba, in babu wuta a tada janareta ko a tsallaka maƙwabta masu sola. Mace mai wasan barkwanci kuma tana da wani matsayi da namiji bai cika samu ba, saboda rawar da ake bata rawar cikin gida ce, uwar miji mai faɗa, kishiya, dillaliya, goggo mai kai gulma daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma babu gidan da babu irin wannan matar ko a dangi ko a maƙwabta. Shi yasa zaka ji ana ce ma wata a gida "ke dai wance ce sak", a laƙaba mata sunan 'yar wasan har ya bi ta. Kalmomin da take yawan faɗa a wasa su shiga bakin yara, a riƙa jefa su a hira ba tare da an ma tuna daga inda suka fito ba.

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe da lura da wannan. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu akan yadda mai sauraron rediyo da mai kallon talabijin ke ɗaukar wanda yake ji ko yake gani kamar abokinsa na kusa, alaƙa ce mai gefe ɗaya, kai ka san shi shi bai san ka ba. A 1989 kuma Kenneth Doka ya kawo batun baƙin cikin da jama'a basu yarda mutum yana da hurumin yinsa ba, wato kana jin zafin rashi amma babu wanda zai zo ya maka gaisuwa, in ma ka faɗa sai a ce to kai meye haɗinka da ita. Wannan na biyun ya yi daidai da halin da mata da yawa ke shiga a gidajenmu, tana share hawaye a ɓoye dan kar a ce tana kukan 'yar fim.

Tarihi a taƙaice

An buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. A zamanin nan ne wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ya yi tashe, aka san su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi wato Samanja, da namu na nan Katsina Umaru Ɗanjuma wanda aka fi sani da Kasagi. Lokacin talabijin ba kowane gida ba, yara kan taru a tagar mai hali ko a gidan kallo, kuma in ɗan wasa ya rasu sai dai a ji a rediyo ko a karanta a jarida bayan kwana ɗaya ko biyu, a yi salati a majalisa, shikenan.

Da finafinan kaset suka zo a shekarun 1990 sai mata suka yawaita a harkar, mutuwarsu kuma ta fara girgiza jama'a sosai. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003 ana cikin hidimar bikinta, Hauwa Ali Dodo da ake kira Biba Problem ita ma haɗarin mota ne ranar 1 ga Janairun 2010, A'isha Ɗankano ta rasu a 2016, Hauwa Maina a watan Mayun 2018, Hajiya Zainab Booth a Yulin 2021. A ɓangaren maza rasuwar Rabilu Musa Ibro ranar 10 ga Disamban 2014 har yau ana tuna ta. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta dawo da al'adar zama kallon shirin sati-sati, shi yasa da Hajiya Binta Ola ta shirin Daɗin Kowa ta rasu a Oktoban 2023, mutane da yawa da sunanta na cikin shirin suka fi gane wadda ake nufi.

Rasuwar Daso

Misali mafi kusa da mutane zasu iya tunawa shi ne na Hajiya Saratu Giɗaɗo, Daso. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a fim a shekarar 2000, ta yi suna wajen fitowa a masifaffiyar mace, mai zare ido da ɗaga murya da makirci, amma ta yadda sai ka yi dariya ko kana jin haushinta. Ta rasu a Kano ranar Talata 9 ga Afrilun 2024 tana da shekara 56, ranar ƙarshe ta azumin Ramadan, kuma abinda iyalanta suka bayyana shi ne ta yi sahur ta koma ta kwanta, daga nan bata tashi ba. Washegari Laraba aka yi ƙaramar sallah.

Wannan lokacin da abin ya faɗo a ciki ya ƙara masa nauyi. Jajibirin sallah ne, kowane gida a cike, a unguwarmu nan wajen Ƙofar Marusa mata na tsakar gida an baza tabarma ana ƙunshi, wata ana mata kitso, ga kaskon cincin a wuta, yara na ta zirga-zirgar zuwa wajen tela ko an gama ɗinki. Wata ƙanwata ce ta fara gani a waya, hannunta ɗaya a ɗaure cikin ledar lalle, da ɗayan take riƙe da wayar, sai salati kawai muka ji, kowa ya ɗauka wani ne a dangi. Kakarmu da bata riƙe waya, kuma ta sha tsine ma Daso a gaban talabijin in ta ga tana cutar marainiya a wasa, ita ce ta fi kowa yin shiru, can ta ce a kawo mata hoton ta gani, ta daɗe tana kallo sannan ta ce Allah ya yafe mana abinda muka faɗa akanta, ya sa ta dace da wannan wata. Cincin ɗin da ke wuta sai da ya ƙone.

Maganar tsohuwar nan ita ce zuciyar al'amarin a ganina. Mai fitowa a muguwa tana ɗaukar zagin da ba nata ba shekara da shekaru, mutane da dama basa raba wasa da gaske, to ranar da ta mutu sai kowa ya tuna ashe mutum ce mai miji da dangi, ashe sallah take tana azumi kamar kowa, sai juyayin ya haɗu da kunya da neman yafiya. Abokan aikinta da suka yi magana bayan rasuwar sun yi ta shaidar cewa a zahiri mace ce mai fara'a da son mutane, kuma irin wannan shaidar tana daga cikin abinda ke ƙara sa masu kallo kuka.

Siffofin juyayin

Abu na farko da ake rubutawa kusan kullum "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" ne, sai hoto, sai "Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa ta huta, ya kyautata tamu in ta zo", a ƙasa kuma ɗaruruwan amin. Da yake a Musulunci ba a jinkirta jana'iza, sau da yawa kafin labarin ya gama zagaye wayoyi an riga an yi wanka an sa likkafani an sallace ta an kai ta makwancinta, dan haka mai kallo da ke Daura ko Funtuwa ko Dutsin-ma bashi da damar zuwa, abinda ya rage masa addu'a ce. Wasu kan sa hotonta a sitatus kwana biyu ko uku, wasu suyi sadakar ƙosai ko ruwan leda da niyyar Allah ya kai ladan kabarinta, a guruf ɗin mata na WhatsApp kuma akan raba izu ayi saukar Alƙur'ani. Masu shagon tura finafinai a waya suma suna ganin alamar abin, dan a 'yan kwanakin nan tsofaffin wasanninta ake ta tambaya.

A majalisun maza salon daban ne, ba a cika nuna taɓuwa ba, za a ce Allah ya jiƙan musulmi sai a shiga lissafin waɗanda suka riga ta, wane da wance, wace shekara, ina ka ke lokacin, a ƙarshe hirar ta koma ta ƙuruciya da gidan da ake zuwa kallo da wanda ke zaune kusa da kai lokacin wanda shi ma yanzu babu shi. Sau tari wannan ne ainihin abinda ake ma kuka, mutum na tuna mahaifiyarsa da suke kallon shirin tare.

Mahangar addini da saɓanin da ke tasowa

Malamai sun yi bayanin cewa zubar da hawaye da jin zafin rashi babu laifi, Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, abinda aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da maganganun rashin yarda da ƙaddara. Zaman makoki kwana uku ne, in banda matar da mijinta ya mutu, ita ke takaba wata huɗu da kwana goma. Akwai kuma hadisi a Bukhari daga Nana A'isha da ya hana zagin matattu saboda sun riga sun isa ga abinda suka gabatar.

Duk da haka kusan duk lokacin da 'yar fim ta rasu sai an samu masu shigowa ƙarƙashin sanarwar suna yanke mata hukunci akan sana'arta, wasu har suna tantamar makomarta, sai faɗa ya kaure a wajen da ya kamata ace addu'a ake. Wannan ɗabi'a wallahi tana da ciwo, dan 'ya'yanta da 'yan uwanta suna karantawa. Saɓani na biyu ya fi wannan ma'ana, shi ne batun bidiyoyinta, wasu na ganin a daina yaɗa waɗanda take rawa ko babu lulluɓi, a barta ta huta, wasu kuma na cewa aikinta ne da ta faranta ma bayin Allah rai da shi, kuma ta nan ake tunawa da ita har a mata addu'a. Kowane ɓangare na da masu kyakkyawar niyya. Abinda kusan kowa ya yarda bai dace ba shi ne ɗaukar hoton gawa ko na iyalai suna kuka a watsa dan neman mabiya, da kuma ƙirƙirar labarin mutuwar wanda ke raye, wanda ya yi yawa har ta kai in aka ga sanarwa sai an jira BBC Hausa ko wani sanannen abokin aikinta ya tabbatar kafin a yarda.

A wasu wuraren

A kudancin Najeriya an ga irin wannan da Ada Ameh ta rasu a Warri ranar 17 ga Yulin 2022 tana da shekara 48. 'Yar asalin jihar Binuwai ce, kuma an fi saninta da rawar uwa a shirin barkwanci na iyali mai suna The Johnsons da aka riƙa nunawa a tashar Africa Magic. 'Yarta tilo ta rasu a 2020, ita Ada kuma ta fito fili ta faɗi irin damuwar da take ciki kafin rasuwarta, shi yasa juyayin nata ya buɗe zance akan lafiyar ƙwaƙwalwa, da yadda mai sa mutane dariya kan iya kwana da kuka ba wanda ya sani.

A Amurka kuma 'yar wasan barkwancin talabijin Betty White ta rasu ranar 31 ga Disamban 2021 tana da shekara 99, saura kwana 17 ta cika ɗari. Da yake an santa da son dabbobi, ranar 17 ga Janairun 2022 da ya kamata ayi bikin cikarta ɗari masoyanta suka yi ta tura gudunmawar kuɗi gidajen kula da dabbobi da sunanta. Su can furanni da kyandir da irin wannan gudunmawar ake yi, mu nan addu'a da sadaka.

Bayan kwana ukun

Shiri mai dogon zango in 'yar wasa ta rasu ana tsaka da shi, masu shirin kan shiga tsaka mai wuya, ko dai a kashe ta a cikin labarin, ko a ce ta yi tafiya, ko a kawo wata ta maye gurbin, kuma masu kallo basu cika karɓar na ukun da daɗin rai ba. Wani lokacin akwai fitowar da aka riga aka ɗauka ba a nuna ba, sai a ganta bayan sati biyu ko wata guda tana faɗa tana zare ido kamar ba abinda ya faru. A gidanmu in irin wannan fitowar ta zo ba a canja tasha, ana dariyar yadda aka saba, amma kafin a gama sai ka ji wata daga bayan ɗaki ta ce Allah sarki, Allah ya jiƙanki, sauran su amsa da amin idonsu na kan talabijin.