Abokin aiki ko amini? Tambayoyi da amsoshi

Me ya sa mutane suke rikita abokin aiki da amini?

Yawan haɗuwa ne yake jawo hakan. Dokar aiki ta Kamaru ta shekarar 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako ga yawancin ma'aikata, don haka akawun da yake aiki a kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa, ko malamar makaranta a Marwa, sun fi ganin abokan aikinsu da rana a kan 'ya'yan cikinsu. Tare ake sallar azahar, tare ake shan shayi, tare ake zubin adashe idan albashi ya shigo. Wannan sabo ne, kuma sabo yana da daɗi, sai dai aikin ne ya haɗa ku, ba ku kuka zaɓi juna ba.

To, ta yaya ake gane wanda ya wuce matsayin sabo?

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani mutum da ya zo yana yabon wani ko ya taɓa maƙwabtaka da shi, ko tafiya tare, ko mu'amalar kuɗi. Da mutumin ya ce a'a, sai ya ce masa ai bai san shi ba. A ganina, ma'aikaci yana da gwaji na huɗu, wato canjin wurin aiki. Ranar da takarda ta fito aka mayar da kai Kuseri ko Yawunde, kowa zai yi maka addu'a, wasu har su raka ka tasha. Bayan wata shida sai ka duba wa yake kiranka alhali ba ya neman wata takarda a hannunka, wa ya leƙa iyalin da ka bari ya tambayi lafiyar yara, wa kuma ya hau mota ya zo gaisuwa da aka yi maka rasuwa. Zumunta a ƙafa take, kuma saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin takowa.

Ya dace in gaya wa abokin aiki sirrina?

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matsalar aurenka, bashin da ke kanka, da ra'ayinka game da shugaba, ka riƙe su har sai ka jarraba mutum da ƙaramar magana ka ga ba ta fita ba. Wanda yake kawo maka maganar wasu, zai kai taka.

Shugabana zai iya zama aminina?

Yana yiwuwa, amma da wuya, domin shi ne yake sa hannu a kan hutunka da ƙarin girmanka, kuma duk wata alfarma da ya yi maka sauran ma'aikata za su kira ta son kai.

Wanda bai kai amini ba, munafuki ke nan?

Ko kusa, kuma wannan kuskuren yana ɓata zaman ofis ƙwarai. Mutum yana iya zama nagari, mai riƙon amana a aiki, ba tare da ya shiga harkar gidanka ba. Yana da haƙƙin sallama, da dubiya idan ya kwanta, da gudummawa ranar suna ko biki, da kuma ka riƙe masa aikinsa idan uzuri ya hana shi zuwa.