Na'urar Gano Wanda Dusar Ƙanƙara Ta Binne

Na'ura ce 'yar ƙarama, kusan girman wayar hannu, da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara cikin duwatsu masu nisa da gari ke ɗaurawa a ƙirji, ƙarƙashin rigar sanyi. Amfaninta shi ne in dusa ta zaftaro ta binne mutum, abokan tafiyarsa su san inda za su tona.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Katsina ko Daura, komai tsananin hunturu. Amma duk wanda ya taɓa ganin ramin ƙasar gini ya rufta da mai haƙa ya san tashin hankalin: jama'a riƙe da shebur, wasu na yaƙuta da hannu, ba wanda ya san ta ina zai fara. Haka zaftarewar dusa take, sai dai tana iya mamaye fili kamar gona guda, kuma tana tsayawa sai ta yi tauri kamar an zuba siminti. Ta fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45.

John Lawton ne ya ƙera na'urar farko mai aiki sosai a 1968, a garin Buffalo na Amurka, aka sayar da ita da sunan Skadi. A 1986 aka amince duk na'urorin su yi aiki a zangon rediyo ɗaya, kilohaz 457, don ta kowane kamfani ta ji ta wani.

Muddin ana tafiya, na'urar kowa tana aika sigina. Da zarar an rasa mutum, sauran su juya nasu zuwa nema. Kibiya da lambar mita a fuskarta su ja su zuwa wurin. Sai a caka doguwar sanda mai naɗewa har ta taɓa jikinsa, a bar ta a tsaye, a kama tono da shebur daga ƙasan gangaren. Tonon ne ke cin lokaci, lokacin kuwa ƙalilan ne. Alƙaluman ƙasar Suwizalan sun nuna kusan tara cikin goma na waɗanda aka fito da su cikin minti 15 suna rayuwa. Bayan minti 35 sai kusan uku cikin goma, saboda numfashi ya ƙare. Shi ya sa ba a zaman jiran jami'an ceto.

Na'urar ba ta hana dusa zaftarowa, kuma a hannun wanda bai yi atisaye da ita ba, ba ta da wani amfani wajen nema. Wayar hannu ma tana rikita ta, don haka ake nisanta su da santimita 20 lokacin tafiya, 50 lokacin nema. Kafin a kama hawa, jagora yakan tsaya a bakin hanya, kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya duba batir, ya tabbatar siginar kowa na fita.