Kare Mikiya Mai Farin Kai a Amurka

Mikiya mai farin kai, wadda masana ke kira Haliaeetus leucocephalus, tsuntsuwa ce ta Arewacin Amurka mai zama kusa da koguna da tafkuna, kuma kifi ne yawancin abincinta. Tun 1782 hotonta ke kan hatimin ƙasar Amurka, amma hakan bai hana a yi ta harbinta ba. A Alaska, hukuma ta riƙa ba da tukuici kan kowace mikiya da aka kashe daga 1917 zuwa wajajen 1953, bisa zargin tana cinye wa masunta kifi. An kashe fiye da 100,000.

Dokoki

A 1940 majalisar dokokin Amurka ta haramta (ban da a Alaska a wancan lokacin) kashe ta, kama ta, sayar da ita ko mallakarta, da rai ko a mace, har da gashinta da ƙwanta da sheƙarta. A 1962 aka shigar da mikiya mai ruwan zinariya cikin dokar. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kan 'ya'yan mikiya ba ya yin fari sai sun kai shekara 4 zuwa 5, don haka maharba kan rikita su da ɗaya jinsin.

Maganin ƙwari

Doka kaɗai ba ta isa ba, domin babbar ɓarnar daga gona ta fito. Ruwan sama kan wanke maganin ƙwari na DDT zuwa koguna, kifi ya ɗauka, mikiya ta ci kifin, gubar ta taru a jikinta. Sai ɓawon ƙwanta ya yi siriri, ya fashe idan ta hau kwanci. A 1963 ma'aurata 417 kacal masu sheƙa aka ƙirga a jihohi 48 da ke haɗe. An hana fesa DDT a 1972. Daga 1976 jihar New York ta fara renon 'ya'yan mikiya a kan dogayen hasumiyoyi, ana ba su abinci ba tare da sun ga mutum ba, har su tashi da kansu.

Halin yanzu

An cire mikiyar daga jerin dabbobin da ke cikin haɗari a 2007. Dokar 1940 na nan, kuma laifin farko na iya jawo tarar da ta kai dala 100,000 ko ɗaurin shekara 1. Ana shawartar masu gini su bar tazarar mita 100 zuwa 200 daga sheƙa. 'Yan asalin ƙasar masu bukatar gashinta don ibada suna nema daga wata ma'ajiyar gwamnati a Colorado. Har yanzu gubar dalma daga harsashin da ke cikin mushe na kashe mikiyoyi, ana kuma jayayya kan lasisin da ake ba kamfanonin lantarkin iska, wanda ke yafe musu idan injinansu suka kashe mikiya ba da gangan ba.