Dashen inji a motar tsere

Dashen inji shi ne sauke injin da mota ta fito da shi daga kamfani a ɗora mata wani na daban, galibi wanda ya fi ƙarfi. Ya bambanta da canjin inji da aka saba gani a garejin Wudil ko Ringim, inda injin Golf ya buga a sayo irinsa a mayar. A dashe, inji da bodi ba su san juna ba, sai an sulhunta su.

Asali

Misalin da ya fi shahara shi ne na Carroll Shelby, direban tsere ɗan Amurka, wanda a 1962 ya sa injin Ford mai silinda 8 a ƙaramar motar Ingila AC Ace, aka samu Cobra. A yau akwai inji biyu da suka yi fice a kasuwar dashe. Akwai LS na General Motors, wanda ya fara fitowa a motar Corvette ta 1997 da girman lita 5.7, ana son sa don bai cika girma ba duk da ƙarfinsa. Sai 2JZ-GTE na Toyota, lita 3, silinda 6 a jere da turbo biyu, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, wanda motar Supra ta 1993 ta fito da sunansa.

Shiri

Awo ne farko. Bakanike kan auna tsawo da faɗi da zurfin ɗakin inji kafin a fitar da ko kwabo, domin inji mai silinda 6 a jere dogo ne, yakan tokari lagireto, mai siffar V kuma yakan matse sandar sitiyari. Kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji shi ma yakan ci karo da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin mota. Daga nan sai kujerun inji, waɗanda mai walda zai ƙera sababbi, da giyabos da kuloci, da farfela, wato sandar da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa tayoyin baya, da za a rage ko a ƙara mata tsawo. Farfelar da aka yanke aka haɗa ba a daidaita ta ba, da mota ta ɗauki gudu za ta kama rawa.

Inda aiki ya fi cijewa shi ne waya. Injin zamani ba ya tashi sai da kwamfutarsa, wadda makanikai ke kira birenbos, kuma a motoci da yawa ita ma ba ta amsawa sai ta gane makullinta. Wanda ya sayo inji tsura ya baro waɗannan, ya sayi ƙarfe ne kawai. Rewaya mai karanta taswirar waya ya fi mai walda wuyar samu a ƙauye, shi ya sa mota kan yi watanni a ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a cikinta.

Ga kuma yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Haɗeja da Gumel, tsohon lagireto ba zai riƙe babban inji ba. Ƙurar hunturu kuma tana son matatar iska mai kyau. Burki ne ake yawan mantawa, alhali dole a ƙara masa ƙarfi daidai da na inji.

Neman kaya

Mai dashe a karkara kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ce zangonsa na farko. Abin da babu a can ana aikawa Ladipo a Legas, inda kayan Beljiyam, wato na hannu daga ƙasashen waje, ke sauka. Masana sun fi son sayen rabin mota: gaban da aka yanke, da inji da giyabos da waya da kwamfuta duk a wuri ɗaya. Sai dai idan daga Japan ya fito sitiyarinsa a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, don haka wasu wayoyin sai an ƙara musu tsawo.

Ba a biya sai an gwada. A kan ajiye injin a kan tsohuwar taya, a jona batir, a tsoma tiyo a galan ɗin fetur a tayar. Bakanike zai buɗe murfin baƙin mai ya leƙa: idan ya ga ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar ringi ya ci ne. Ɗan kasuwa zai ce, "Alhaji, wannan ko ƙulli ba a taɓa kwance masa ba," amma kan kusoshin ne ke faɗin gaskiya, domin sifana tana barin tabo. Kwanakin garanti a sa su a rasit tare da lambar inji.

Lambar nan za a sake neman ta. Takardun mota na ɗauke da ta tsohon inji, sai an je ofishin rajistar motoci an sabunta, in ba haka ba a shingen hanyar Dutse za a sha tambaya.