Daga kurkukun Landan zuwa Garkiɗa: tambayoyi kan addinai a jihar Pennsylvania

Duk lokacin zaɓen shugaban Amurka sai sunan Pennsylvania ya cika kunne, saboda tana cikin jihohin da ke raba gardama. Amma tun kafin a haifi ƙasar Amurka, wannan yanki ya yi suna da wani abu dabam: nan ne waɗanda aka kora daga Turai saboda aƙida suke zuwa su sauke kaya.

Wa ya kafa ta, kuma me ya haɗa kafuwarta da addini?

Bashi ne asalinta. Mahaifin William Penn yana bin Sarki Charles na Biyu na Ingila kusan fam 16,000, sai a 1681 sarkin ya biya ɗan da ƙasa maimakon kuɗi. Shi kuwa Penn ɗan ɗarikar Quaker ne, wasu Kiristoci da George Fox ya tara a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17. Ba su da limami, ba sa rantsuwa a kotu, ba sa ɗaukar makami, ba sa cire wa babba hula. Ibadarsu ita ce a zauna shiru a ɗakin da babu mumbari babu ado, har sai wani, mace ko namiji, ya ji abu ya zo masa a zuciya ya miƙe ya faɗa. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin tsaurin ido, ta cika gidajen yari da su. Penn kansa an tsare shi a Hasumiyar Landan a 1668 saboda wani rubutu da ya yi.

Wanda ya sha ɗauri ya san zafinsa. Da ya iso a 1682, dokar da ya shimfiɗa ta ce duk wanda ya yarda da Allah ɗaya Mahalicci, ya kuma zauna lafiya da jama'a, ba za a takura masa kan ibadarsa ba, ba za a tilasta masa zuwa wata majami'a ko ɗaukar nauyinta ba.

Wato kowa ya samu daidai ke nan?

A'a. Ibada kowa ya yi tasa, amma muƙamin gwamnati sai Kirista, daga baya ma aka zo da wata rantsuwa da ta toshe wa 'yan Katolika hanya. Penn ya mallaki bayi. 'Ya'yansa kuma a 1737 suka yi wa 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Lenape, wayo suka karɓe musu fili mai faɗin gaske.

Sai dai a auna shi da zamaninsa. A Boston, wani gari a wajen Pennsylvania, tsakanin 1659 da 1661, an rataye 'yan Quaker huɗu don kawai sun ƙi barin gari. A Philadelphia kuwa 'yan Katolika sun buɗe cocin St. Joseph a 1733 suna ibada a fili, Yahudawa sun samu maƙabartarsu a 1740. Kuma a Germantown ne, kusa da Philadelphia, a 1688, wasu mutum huɗu suka rubuta takardar ƙin bautar da baƙar fata suka miƙa wa taron 'yan Quaker. An yi ta tura takardar daga wannan zama zuwa wancan, ba a yanke komai ba. Sai a 1776 ɗarikar ta hana mabiyanta na yankin mallakar bayi.

Su waye masu yawo a keken doki da ake gani a hotuna?

Amish ke nan. Asalinsu Suwizalan da kudancin Jamus, reshe ne na Kiristocin da suka ce ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. A Turai ta wancan lokaci wannan magana tana iya kai mutum ga mutuwa. Sun rabu da 'yan uwansu Mennonite a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, suka fara zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18, har yau kuma gundumar Lancaster ce cibiyarsu mafi shahara.

Masu tsohon tsari a cikinsu ba sa jawo wutar lantarki ta gari zuwa gida, ba sa mallakar mota. Ba su da ginin coci: kowane mako biyu ake taruwa a gidan wani, karɓa-karɓa, a ɗauko bencina a amalanke a kai. Yara suna tsayawa a aji takwas. Namiji in ya yi aure sai ya bar gemu, amma ya aske gashin baki. A Oktoban 2006 wani mutum ya shiga makarantarsu a Nickel Mines ya harbi 'yan mata goma, biyar suka mutu, ya kashe kansa. Ba a daɗe ba sai ga Amish a gidan iyalinsa suna ta'aziyya, wasu har wurin jana'izarsa.

Akwai abin da ya haɗa wannan tarihi da mu?

Ƙwarai kuwa. Wata ɗarika ta Jamusawa, Church of the Brethren, ta sauka a Germantown a 1719, ta yi baftismarta ta farko a Amurka a rafin Wissahickon ranar Kirsimeti ta 1723. Shekara 200 bayan haka, a Maris 1923, Stover Kulp, ɗan Pennsylvania, da abokinsa Albert Helser suka fara aikin mishan a Garkiɗa, cikin jihar Adamawa ta yanzu. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta fito, wadda yau ta fi uwarta ta Amurka yawan mabiya. Aƙidar ƙin ɗaukar makami da suka gada ta gamu da jarrabawa mai tsanani a zamanin Boko Haram, domin yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan wannan coci ne.

Shaidun Jehobah masu ƙwanƙwasa ƙofa ma a Pennsylvania suka faro, a wajen Pittsburgh, da Charles Taze Russell a shekarun 1870.

Baƙaƙen fata fa?

Sun gane da wuri cewa haƙurin da ake yi da bambancin aƙida bai kai ga launin fata ba. A cocin Methodist na St. George da ke Philadelphia, an zo ɗaga wani baƙar fata, Absalom Jones, daga durƙuso ana tsakiyar addu'a, wai ba wurin zamansu ba ne. Baƙaƙen fatan da ke cocin suka tashi suka fita gaba ɗaya. Richard Allen, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya buɗe cocin Bethel a 1794, a 1816 kuma ya zama bishop na farko na ɗarikar AME (African Methodist Episcopal) ta baƙaƙen fata, wadda ta yaɗu har Afirka ta Yamma.

Yaushe Musulunci ya yi ƙarfi a jihar?

A ƙarni na 20, kuma abin lura shi ne ba baƙi ne suka fi ɗaukarsa ba. Baƙaƙen Amurka sun kafa masallaci a Pittsburgh tun shekarun 1930. A Philadelphia ƙungiyar Nation of Islam ta yi ƙarfi, Malcolm X ma ya jagoranci reshenta na can a 1954. Bayan rasuwar shugaban ƙungiyar, Elijah Muhammad, a 1975, ɗansa Warith Deen ya ja yawancin mabiya zuwa tafarkin Sunna. Yau a wasu unguwannin birnin dogon gemu da ɗangalallen wando da niƙabi ba abin kallo ba ne, makarantun gwamnati na birnin kuma suna ba da hutun Sallah. Akwai 'yan Mali da Gini da Laberiya a kudu maso yammacin birnin. Akwai kuma Sufaye mabiya Bawa Muhaiyaddeen, wanda ya zo daga Sri Lanka a 1971, ana ziyartar kabarinsa a gundumar Chester. Mabiya addinin Hindu su ma sun gina babban wurin ibada kusa da Pittsburgh a shekarun 1970.

An taɓa zubar da jini kan addini a can?

An taɓa, kuma makaranta ce ta jawo. A 1842 bishop ɗin Katolika na Philadelphia, Francis Kenrick, ya nemi a bar yaransu su karanta fassarar Baibul tasu a makarantun gwamnati. Jita-jita ta bazu cewa 'yan Ayalan, baƙin da ke ta kwararowa, suna so a fitar da Baibul daga aji. A watan Mayun 1844 aka ƙona coci biyu na Katolika, a Yuli rikici ya sake ɓarkewa har sojoji suka shigo, mutane da dama suka mutu. Katolika suka duƙufa gina makarantunsu na kansu. Maganar ba ta mutu ba sai a 1963, lokacin da ƙarar wani iyali daga garin Abington ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta haramta karatun Baibul na ibada a makarantun gwamnati na ƙasar baki ɗaya.

Wani kuma shi ne na 27 ga Oktoba 2018, ranar da ɗan bindiga ya kashe Yahudawa 11 a wurin ibadarsu na Tree of Life a Pittsburgh. An yanke masa hukuncin kisa a 2023.