Ƙalubalantar umarnin kotu na yi wa majinyaci maganin da addininsa ya hana

Wannan batu ne na shari'a da ke tasowa idan kotu ta ba likita izinin yi wa majinyaci maganin da aƙidarsa ta haramta. Galibin irin waɗannan ƙararraki sun shafi ƙarin jini ga mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, waɗanda ke kafa hujja da ayoyin Baibul na littafin Ayyukan Manzanni 15:28-29. Wahalar lamarin ita ce, akan bayar da umarnin cikin gaggawa, kafin lauya ya kai takarda kotu an riga an ƙara jinin.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Wanda abin ya shafa yana iya ɗaukaka ƙara, ko ya roƙi babbar kotu ta soke umarnin, ko ya nemi diyya. A Najeriya akan dogara da sashe na 37 da na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, masu kare sirrin mutum da 'yancin addini. Diyya dai tana da wuyar samu, domin likitan da ya bi umarnin kotu yana da kariya mai ƙarfi. Abin da aka fi samu shi ne hukuncin da zai kare wasu majinyata nan gaba. A Amurka, a shekarar 1965, kotun ƙolin jihar Illinois ta soke irin wannan umarni a shari'ar wata mata mai suna Brooks, alhali an riga an yi wa matar ƙarin jini.

Kotun Ƙolin Najeriya ta bambanta baligi da yaro, kuma a nan ne gizo ke saƙa. A shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani, ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Shari'ar Esabunor da Faweya kuwa ta shafi jariri ɗan kimanin wata guda ne a Legas, wanda kotun majistare ta ba da umarnin a ƙara masa jini a 1997, bayan mahaifiyarsa ta ƙi amincewa. Uwar ta nemi a soke umarnin a kuma biya diyya, ta sha kaye a babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara. A 2019 Kotun Ƙoli ma ta kori ƙarar, ta ce ceton ran yaro yana gaba da aƙidar iyayensa, tunda shi bai kai munzalin zaɓar wa kansa ba. Lokacin da hukuncin ya fito, jaririn nan ya riga ya haura shekara 21.