Wai tambaya tambaya ce, ko yaya aka yi ta?

Mutane da yawa na ɗauka in za a yi binciken jin ra'ayin jama'a, abin da ke ran mutum shi zai faɗa kawai, ko da wane irin kalmomi aka tambaye shi. Gaskiya ba haka ba ne fa.

A 1941 wani mai bincike a Amurka, Donald Rugg, ya nuna wannan ƙarara. An tambayi wasu ko ya dace gwamnati ta "hana" yin jawabin sukar dimokuraɗiyya, wasu kuma aka ce ko ya dace ta "ƙyale" a yi. Ai magana ɗaya ce ko? Amma waɗanda suka ce kar a ƙyale sun fi masu cewa a hana yawa sosai, don kalmar hani tana da nauyi a kunne, mutum na jin ta sai ya ja baya.

Haka wasu masu bincike, Elizabeth Loftus da John Palmer, a 1974 suka nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, da aka tambayi gudun motocin lokacin da suka "ragargaje" sai aka ba da gudu mai yawa fiye da in an ce sun "taɓa juna", alhali bidiyo ɗaya suka kalla.

Ni wacce ta fi ban haushi ma ita ce tambaya mai haɗa abu biyu, kamar "kana jin daɗin albashinka da lokutan aikinka?" To in albashin ya yi amma lokutan ba su yi ba, eh zai ce ko a'a?